Jan Fenti a Bangon Inna

Litinin, bayan la'asar

Barista ya ce in rubuta duk abin da na tuna game da ranar da muka je kotu, kada in rage komai, don da shi zai haɗa takardar rantsuwata. To ga shi na fara. Abin da ya shafe shi zan kwafe masa, sauran nawa ne.

Yau ina wurin aiki, ina fama da hannun wani tsoho mai jijiya kamar zare, allura ta shiga jini ya ƙi fitowa, sai maƙwabciyarmu ta kira ta ce ga ma'aikatan kotu a gidanmu da gwangwanin fenti. Kafin in cire safar hannu in sami abin hawa, sun gama sun tafi. Sun ja jan layi a bangon lungun Inna daga sama har ƙasa, sun bar takarda a kan taga. Takardar ta ce an kori ƙarar da muka ɗaukaka saboda ba mu halarci zama ba, don haka hukuncin kotun ƙasa ya tabbata, za a rushe bangon.

Wai ba mu halarta ba. Ni da na zauna a bencin kotun nan tun safe har ƙafata ta yi tsami.

Idon Inna ya tafi tun kafin rasuwar Baba, da bangon nan take gani. Tana fitowa daga ɗaki sai ta ɗora hannu a kansa, shi zai kai ta banɗaki, shi zai kai ta tsakar gida inda take shan hantsi, shi zai dawo da ita. Daidai tsayin kafaɗarta simintin ya yi santsi ya yi duhu. Na same ta zaune a bakin gado ta ware yatsu, tafin hannunta ja wur.

"Auta, me aka shafa a bangon nan mai danƙo haka?"

"Fenti ne, Inna. Gyara ake yi."

"To."

Na wanke mata da kananzir da sabulu. Tafin ya fita, amma jan ya maƙale a ƙarƙashin farata. Ta ci abinci.

Talata, kafin in fita aiki

Bango yana nan.

Talata, da yamma

Barista ya ce in faro daga tushe, kamar mai ba baƙo labari. To.

Bayan rasuwar Baba aka raba gidan biyu. Ni da Inna muka zauna a tsohon ɓangare, tunda ni dama na dawo gida tun mutuwar aurena. Ɗaya rabin ya faɗa hannun wanda Barista ke kira "ɗaya ɓangaren". Uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya, shi ne babba, amma sunan da Barista ya laƙaba masa ya yi mini daidai, da shi zan riƙa kiransa a nan. Masu awon fili suka zo suka ce lungun da bangonsa duk a rabonsa suke. Ya ce a rushe, Inna ta koma wurinsa, ai ya gina mata ɗaki mai tayil da banɗaki a ciki. Na ce Inna ba buhu ba ce da za a ɗauka nan a sauke can. Ya kai ƙara, kotun ƙasa ta ba shi gaskiya, muka ɗaukaka.

Abin da ya faɗa mini ranar rabo, da abin da na mayar masa, ba na wannan littafin ba ne. Tun ranar dai ko gaisuwa ba ta haɗa mu. Yakan zo gaida Inna kullum bayan na fita. Ban taɓa tambaya ba, amma in na dawo nakan tarar kujerar roba ta matsa kusa da gado, ga ƙamshin turarensa a labule. Nakan mayar da kujerar inda take.

Laraba, lokacin hutun rana a asibiti

Ga ranar kotu kamar yadda na tuna.

Na isa da wuri. Takardar gayyata ta ce ɗaki na biyu, a ƙasa, hannun dama in an shigo. Na tarar da ƙofar a wangale, an saƙale ƙyauren da ƙugiya a jikin bangon baranda, ƙasa duk ruwa, wata mata tana kora shi waje da tsintsiya. Ta ce bututu ne ya fashe, ita dai shara aka sa ta. Na sami benci na baya inda ya ɗan bushe, na zauna na naɗe ƙafa. Can Barista ya iso yana haki, rigar lauyoyi a kafaɗa, ya zauna kusa da ni ya hau jera takardu.

Muka yi ta zama. Ba alƙali, ba rajistara, ba masinja. Mutane kan leƙo su wuce. Ofishin rajista a kulle. Da rana ta yi tsaka Barista ya duba agogo ya ce, "Ruwan nan ya hana zama. An ɗage ke nan, za su aiko mana da sabuwar rana, haka suka saba." Yana da wata shari'ar a wata kotu, ya tafi. Ni ma na kama hanya.

Ashe muna ƙasa muna kallon tsintsiya, Mai Shari'a tana sama a ɗakin taro tana zama. A can aka kira sunana, aka sake kira, aka rubuta ba mu zo ba. Mu kuwa muka koma gida muna jiran sabuwar rana, fenti ya riga ta zuwa.

Wannan zan kwafe wa Barista. Akwai ɗan abu guda da ban sa ba, ba shi da wani muhimmanci.

Alhamis, da yamma

Ofishin Barista a saman shagon masu faci yake, duk maganar da zai yi sai ya jira injin iska ya yi shiru. Yau ya kasa haɗa ido da ni, sai goge tabarau yake yi kamar zai huda shi.

Ya ce ƙa'idojin kotu sun tanadi hanya ga wanda aka kori ƙararsa don rashin zuwa: ya dawo cikin wa'adi ya faɗi uzurinsa. Wa'adin ya wuce muna zaune muna jiran takarda, ƙa'idar kuma ba ta ba da damar ƙari ba. In muka ce kotun gaba za mu, kafin a sa mana rana an kwashe ɓaraguzan bangon.

Na ce, "To ka kira ni ne ka yi mini jaje?"

"A'a, Malama, da sauran hanya ɗaya. Kowace kotu tana da wani iko da ba a rubuta shi cikin littafin ƙa'idoji ba. Tana da shi ne kawai don ita kotu ce. In ita da kanta ta yi kuskure wajen tafiyar da shari'a har wani ya cutu, tana iya janye abin da ta yi, ta mayar da magana inda take."

"Ko da ta riga ta sa hannu?"

"Ko da ta sa. Sai dai alƙalai ba sa son taɓa shi. Ba na sake duba wa ke da gaskiya a kan bango ba ne. Ba kuma na rufa wa lauyan da ya yi sakaci asiri ba ne." Nan ya sake cire tabarau. "Sai mun nuna daga gidansu kuskuren ya fito."

Na ce masa ai wannan ba sabon abu ba ne. Mu a ɗakin gwaji in muka liƙa sunan wani a kwalbar wani, ba ma ce wa majiyyaci ai sakamako ya riga ya fita, je ka sha maganin ciwon da ba naka ba. Haƙuri muke ba shi mu sake ɗiba. Ya ce da ana yin haka, da ni zai tura in yi bayanin. Ban yi dariya ba. Da ya taka matakala ranar ya leƙa sama, da ba ma wannan zancen, kuma ya san na sani.

Juma'a, da magariba

Ya shigar da roƙon. Ya kuma nemi a dakatar da rushewa har a saurare mu, an dakatar. Inna ta ci abinci. Bango yana nan.

Litinin, bayan azahar

Na nemi izini a wurin aiki muka je kotu ganin rajistara. Mutum ne tsaf-tsaf, birukansa a jere a aljihu kamar sojoji. Ya rantse ya sake rantsewa cewa da hannunsa ya liƙa sanarwa a ƙofar ɗaki na biyu tun kafin kowa ya zo, cewa an mayar da zama sama. Na ce ni ban ga komai ba. Ya ce to sai in binciki idona. Raina ya ɓaci, na ce masa a gidanmu mutum ɗaya ce ba ta gani, kuma ba ita ta zo kotu ba. Barista ya taka mini ƙafa a ƙarƙashin tebur.

Muka sauka mu uku. Ƙofar tana nan a wangale yadda na bar ta, don har yanzu ɗakin warin laima yake yi. Ba takarda. Rajistara ya tsaya turus, ya dubi sama ya dubi ƙasa, sannan ya cire ƙugiyar ya jawo ƙyauren. Ga ta nan a bayansa, salatif a kowace kusurwa, ko lanƙwasa ba ta yi ba. Ashe ya liƙa ta ƙofa tana rufe, masu shara suka zo suka buɗe don ruwa ya bushe, sanarwa ta juya ta fuskanci bango. Tun ranar bango kaɗai ke karanta ta.

Ni na yi gaskiya, shi ma ya yi gaskiya, ba wanda ya ji daɗi. Ya ce, "Ni dai na liƙa." Barista ya ce ya rubuta hakan, ya kuma rubuta inda muka same ta. Rajistara ya ce zai rubuta. Barista ya ɗauki hoto a rufe da a buɗe.

A hanya ya ce, "Rabin aiki ke nan. Hoton ya nuna wanda ya zo ba zai ga sanarwa ba. Bai nuna mun zo ba. Ni da ke maganarmu ta masu neman mafita ce. Mai sharar kuma wani kamfani ne ya kawo ta, an sauya mata wuri, ba wanda ya san inda take. Ki tuna da kyau, wa ya gan mu ranar?"

Na ce, "Ba kowa."

Talata, da safe

Na ce ba kowa.

Laraba, da yamma

Matar ɗaya ɓangaren ta zo da rana ta ɗauki Inna, wai ta je ta ga ɗakin. Ta gani! Na dawo na tarar ƙwaurinta ya kumbura, ta bugi gefen gado a can. Na shiga kicin na hau faɗa ni kaɗai, ina buga tukwane yadda za a ji ta bayan bango.

Ina shafa mata magani ta ce, "Ɗakin ba laifi, Auta. Ga sanyi, ga ƙamshin sabon abu. Sai dai na miƙa hannu, ban san inda ya ƙare ba."

Na juya baya don kada ta ji numfashina ya sauya. Tausayinta ya kama ni har na ji haushin kowa, har da ni.

Da damina Inna ta zame a lungun nan, ta kwana biyu ba ta taka ƙafa ba. Ina wurin aiki, shi ya ji ƙararta ta bayan bango, ya zagayo a guje ya ɗauke ta. Ba don mugunta yake so ta koma wurinsa ba. Na rubuta wannan, amma ba zan kwafe wa kowa ba.

Juma'a, da hantsi

Kwalba uku na fasa yau. Oga ya ce in fita in sha iska.

Asabar, da hantsi

Ina yanke wa Inna farce a tsakar gida. Jan fentin ya taho da farcen, saura kaɗan a babban yatsa. Ta bar mini hannun kamar ba nata ba, can ta ce, "Yayanki ma ya riƙe hannun nan, washegarin da aka shafa abin. Ya daɗe yana juya shi. Ya ce me ya same ni."

"Kika ce me?"

"Na ce Auta ta ce gyara ake yi."

"Sai ya ce me?"

"Tashi ya yi ya tafi. Shayin da na sa aka kawo masa ma a nan ya bar shi."

Na ce ta miƙo ɗaya hannun.

Litinin, da yamma

Lauyan ɗaya ɓangaren ya aiko da amsa, Barista ya karanta mini a waya. Duk maganar doka ce, cewa kotu ta gama aikinta, wa'adi ya wuce, sakacinmu ne. Abin da ya ba Barista mamaki shi ne babu takardar rantsuwa daga ɗaya ɓangaren kansa. Ya ce ya ji a bakin wani lauya cewa an rubuta masa ya rantse bai ga kowa daga ɓangarenmu ba ranar, ya karanta, ya ajiye biro ya fita. Na ce wataƙila biron ne ya ƙi rubutu.

Barista ya ce, "Malama, akwai abin da ba ki faɗa mini ba?"

Na ce caji na ya kusa ƙarewa.

Talata, lokacin hutun rana

Ga abin da ban sa ba.

Ina zaune a bencin nan, kafin Barista ya iso, ɗaya ɓangaren ya zo wucewa ta baranda. Ba sai na ga fuska ba, na san tafiyar, ƙafar hagu yake ɗan ja tun da ya faɗo daga keke muna yara, ni ya goyo ranar. Ya tsaya a bakin ƙofa. Na sunkuyar da kai na hau gyaran mayafi, na Inna ne na ara don nawa bai bushe ba. Da na ɗago ba ya nan, sai takunsa a matakala. A raina na ce ko ina za shi, can ta matse masa.

Na kira Barista na faɗa masa. Na ji lokacin da ya ajiye wani abu da ƙarfi a tebur.

"Kin ga abokin shari'arki ya hau sama, ba ki ce mini komai ba?"

"Ba ka tambaye ni ba. Kai ma ai kana da ƙafa."

Ya haɗiye wannan. Ya ce yana iya neman a tilasta masa ya ba da shaida, amma in ya tsaya ya ce bai tuna ba, magana ta ƙare. Ya ce, "Ɗan'uwanki ne. Ki je ki roƙe shi ya faɗi abin da ya gani, kalma biyu ce."

Na ce ya nemi wata hanya. Ya ce ita ke nan ta rage.

Alhamis, bayan la'asar

Na zagaya har ƙofar gidan ɗaya ɓangaren. Motarsa na waje. Na ɗaga hannu zan ƙwanƙwasa, sai na ji ya yi tari daga ciki, irin tarin Baba sak. Na wuce kantin gaba na sayi ashana na dawo. Muna da ashana.

Lahadi, da yamma

Na gwada kama hannun Inna in bi da ita ta tsakiyar lungu, ba tare da bango ba, ko za ta saba. Ta zare hannunta ta ce ba ta tsufa haka ba. Bango yana nan.

Laraba, bayan mun dawo daga kotu

A ɗakin taro na sama aka zauna. Mai Shari'a ƙaramar mace ce, muryarta ba ta da ƙarfi, sai kowa ya yi tsit kafin a ji ta. Ita ta kori ƙarar, ita kuma muka zo roƙo ta ce an yi kuskure a hannunta. Ban ga alamar abin ya yi mata daɗi ba.

Barista ya yi bayaninsa, ya miƙa hotunan ƙofa da takardar rajistara. Ta bar shi ya gama, sannan ta tambaye shi ko matakalar kotun ce ta yi masa tsawo da har ya kasa hawa ya tambaya. Ya ce ya yi kuskure. Ta ce ta ji, amma ba kuskurensa aka kawo mata ta gyara ba.

Lauyan ɗaya ɓangaren ya tashi. Ya iya magana, ba zan hana shi ba. Ya ce dole shari'a ta sami ƙarshe. In aka ce ikon da ba a rubuta ba zai ta da abin da wa'adi ya binne, to gobe duk wanda barci ya kwashe zai zo da hoton ƙofa. Ya ce ba wanda ya tabbatar mun taka harabar kotun ranar, sai mu da bakinmu. Ni ma da a can nake zaune da na ce ya yi gaskiya.

Mai Shari'a ta ce, "Cewa kake ba su zo ba?"

"Cewa nake ba su tabbatar ba, ranki ya daɗe."

"Ba abin da na tambaye ka ke nan ba."

Sai kujera ta motsa a bayansa. Lauyan ya juya yana yi wa ɗaya ɓangaren alama da hannu ya zauna. Bai zauna ba.

"Ranki ya daɗe, ta zo. Na gan ta."

"Ka san kana da lauya?"

"Na sani. Shi ya kira ni ranar ya ce an mayar da zama sama. Na zo wucewa na gan ta a ɗakin ƙasa, a benci na baya, ta naɗe ƙafa saboda ruwa, da mayafin mahaifiyarmu a kanta. Na wuce na hau. Da aka kira sunanta ina zaune a nan, na san tana ƙasa."

"Me ya hana ka faɗa?"

"Ba ma magana, ranki ya daɗe."

Ta juyo kaina. "Ke kin gan shi?" Na miƙe na ce na gan shi. "Ba ki tambaye shi ina za shi ba?" Na ce, "Ba ma magana." Wani a baya ya yi dariya, masinja ya tsawatar. Kunya ta rufe ni har kunnuwana suka yi zafi.

Ta tambayi lauyansa ko yana ja da abin da aka faɗa, ya ce ba ya ja. Ta daɗe tana rubutu, ba ka jin komai sai fanka. Sannan ta karanta.

"Ba na taɓa wannan iko don in auna wa ke da gaskiya a kan bango, ba kuma don in share wa lauya hawaye ba. Amma kotun nan ce ta sauya ɗaki, ita ta liƙa sanarwa, ita ta buɗe ƙofa a kanta, ita kuma ta kori wadda ke zaune a inda aka ce ta zauna. Kotun da ba za ta iya janye irin wannan ba, ba ta cika kotu ba. Na janye umarnin kora. Ƙara ta koma inda take da safiyar ranar. Kada kowa ya taɓa bangon har a yanke hukunci."

Ta rufe fayil, ta dube shi, ta dube ni. "Namu kuskuren na gyara. Ɗayan ba ni da iko a kansa."

A baranda Barista yana ta washe baki kamar shi ya yi aikin. Ya tuna mini cewa ba mu ci komai ba tukuna, layi kawai aka mayar da mu, bango na iya tafiya nan gaba. Ɗaya ɓangaren ya sauka matakala yana jan ƙafa, lauyansa na bin sa da faɗa ƙasa-ƙasa. 

Alhamis, da safe

Na ɗauko wuƙa zan kankare fentin, sai na tuna an ce kada a taɓa. Na kira Barista, ya ce har fentin, in bar shi.

Inna ta ji ni. Ta ce, "Ku bar shi ma. Yana da ɗan tudu, in na taɓa shi na san na kusa banɗaki." Ta kurɓi shayi. "Yaushe za ku koma wurin alƙalin?"

Na tsaya da wuƙa a hannu.

"Auta, ido ne kawai ba ni da shi."

Litinin da aka sa mana, da sassafe

Yau za a saurari ƙarar. Ina neman takalmi na ji sallama a tsakar gida, ina nan ban fita ba, kuma ya san ban fita ba. Ya shiga ya durƙusa ya gaida Inna, ya jawo kujerar roba ya zauna. Ni ina bakin ƙofa kamar baƙuwa. Da ya tashi, bai dube ni ba, bangon ya duba, ya ce, "Ki fito in rage miki hanya. Ba na so a sake cewa ba ki zo ba."

Na ce, "Na san hanya."

Inna ta ce, "Hanya kin sani. Ɗakin ne ba ki sani ba."

Ya yi tari don ya ɓoye dariya, ya fita.

Har yanzu ina so in ci shari'ar nan. Shi ma haka. Anjima lauyansa zai tashi ya ce a rushe, nawa ya tashi ya ce a bari, ban san wanda za a ba gaskiya ba, kuma ina jin tsoro. Kujerar tana nan kusa da gado, ban mayar da ita ba. Inna ta fito har tsakar gida, hannunta a bango, tana sauraren ƙarar mota a waje. Bari in tafi, Yaya na jira.